Injin Wani

A Ƙauyen Alu kowa Auta yake ce masa. Shi ne ƙarami a ɗakin mahaifiyarsa, shi ne kuma ya zauna da ita bayan yayyensa sun bazu neman abinci, ɗaya Abuja, ɗaya Fatakwal. Yana ƙaramar sakandare aka hana acaɓa a Kano, a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A kan idonsa samarin unguwa suka jingine baburansu suka koma adaidaita sahu, da ya tasa shi ma nan ya dosa. Ya daɗe yana tuƙa na mutane, yana kai balas kowace yamma, kafin Allah ya haɗa shi da Hajiya.

Hajiya tsohuwar malamar firamare ce a Gyadi-Gyadi, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Da kuɗin sallamarta ta sayi adaidaita ƙirar Bajaj, na hannu amma mai lafiya. Aka rubuta takarda a gaban Mai Unguwa da shaidu biyu: Auta zai riƙa kawo mata kuɗi duk ranar Juma'a har wata 18, daga nan babur ya zama nasa. Gyara yana wuyansa. Ba zai kai ƙarfe 10 na dare a titi ba, abin da dama doka ta hana 'yan sahu tun watan Yulin 2022.

A wata na tara inji ya buga. Jabun baƙin mai aka zuba masa a bakin hanya, bai ankara ba sai da ya ji wata muguwar ƙara a kan gadar Dangi, babur ya tsaya cak da fasinja a ciki. Lokacin kuwa abubuwa sun yi tsanani. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 mutane da yawa suka koma tafiya a ƙasa, ɗan sahu sai ya taso daga Asibitin Malam har Unguwa Uku da mutum ɗaya tal a baya. Ga balas na jira, ga matarsa da jaririya.

Ya tura babur zuwa rumfar Baba, wani tsohon bakanike da ke bayan kasuwar Tarauni. Baba ya sauke inji ya kwance, ya lissafa masa kayan da za a sayo a Ƙofar Ruwa da ladan aiki. Auta ya ji jimilla ya zauna a benci ya yi tagumi.

Da yamma wani abokin tuƙinsa ya ja shi gefe.

"Kada ka kashe kanka da tunani. Akwai wani oga a bayan gari, inji sukutum zai ba ka, kuɗinsa bai kai rabin gyaran da aka faɗa maka ba. Sai dai ba a zuwa da rana, kuma ba ya son yawan tambaya."

Suka je bayan Isha'i. Kango ne mai doguwar katanga da baƙar ƙofa, daga bakin ƙofar aka miƙo masa inji, ya biya. Da safe ya kawo wa Baba a cikin buhu. Baba ya goge wajen lambar da tsumma, ya ga an kankare biyu daga cikin lambobin. Ya ɗago kai.

"Ina rasit?"

"Haba Baba, na hannu ne fa, wane rasit kuma?"

"Na hannun wa?"

Auta ya yi shiru.

"Ɗan nan, da wannan sana'ar na yi furfura. Na san kuɗin sabon inji, na san na tsoho, na san na wanda ya mutu ake sayar wa 'yan gwangwan. Abin da ka biya bai yi daidai da ko ɗaya ba. Kai ma ka sani, shi ya sa ka rufe shi a buhu. Ni ba zan ɗaura ba. Mayar musu da abinsu, in gyara maka naka, ka biya ni a hankali."

Ba zan ce Auta mugu ne ba. Yana sallarsa, yana riƙe da mahaifiyarsa, bai taɓa ɓoye wayar da fasinja ya manta ba. Amma a ranar ya faɗa wa kansa maganar da mutane da yawa ke faɗa wa kansu a gaban waya mai araha ko taya mai araha: ni ban saci na kowa ba, da kuɗina na saya, in ban saya ba wani zai saya. Ya ɗauki buhunsa ya kai wa wani yaro a wata unguwar, aka ɗaura masa kafin Azahar. Tsohon injin ya bar shi a rumfar Baba, kunya ta hana shi komawa ɗauka, har hanyar ya daina bi. Hajiya kuwa bai faɗa mata komai ba. Ranar Juma'a ya kai kuɗinta cif, ta sa masa albarka.

Wata biyar injin yana masa aiki, ko tari bai taɓa yi ba.

Wata Alhamis da bazara, bayan La'asar, mutum biyu masu tsaftar kaya suka tsayar da shi a bakin kasuwar Tarauni da buhun shinkafa. Shata suke so zuwa wani ƙauye gaba da Mariri, kai gaisuwar rasuwa. Kuɗin da ya faɗa ba su taya ba. A hanya ɗaya ya sa aka tsaya, ya fito da zoɓo mai sanyi gora uku daga leda, ya miƙa masa ɗaya yana cewa, "Direba, jiƙa maƙoshi, wannan rana sai a hankali." Abin da Auta ya iya tunawa shi ne ya wuce Hotoro, idonsa ya fara nauyi, wani ya ce masa ya tsaya ya huta. Da asubar Juma'a masu zuwa sharar gona suka tsince shi a gindin wata bishiya. Ba babur, ba waya, ba kuɗin ciniki. Jikinsa kuwa ko ƙwarzane babu.

Da labari ya iske Hajiya salati ta yi, ta tambaya, "Shi yaron lafiyarsa ƙalau? To alhamdu lillahi." Ƙanenta, wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari, shi ne bai ga abin godiya ba.

"Yaya, ke kin cika yarda. Saura wata huɗu ya gama biya, ya ga farashin babur ya ninka, ya sayar ya je ya kwanta a gona. An sha yi. Wane irin fashi ne ba ko ɗigon jini?"

Gaskiya ne an sha yi, shi ya sa zargin ya samu wurin zama. Direban da ya ci amana ba mai babur ɗaya yake cuta ba, duk wanda aka yi wa fashi na gaske a bayansa sai ya sha rantsuwa kafin a yarda da shi.

A ofishin 'yan sanda jami'in da ke karɓar ƙara ya nemi lambar rajista, da lambar KAROTA da ke jikin babur, da lambar shasi, da lambar inji. Hajiya mace ce mai adana takarda, duk ta fito da su daga leda ɗaya. Jami'in ya tambaya ko an sa tiraka, aka ce ba a sa ba. Ya duba takardar inshora ya girgiza kai: wannan mai arahar ce, wadda take biyan ɓarnar da ka yi wa wani a titi, ba ruwanta da sata. Sannan ya karanto lambar inji ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Auta.

"Haka take?"

"Haka take, Yallaɓai."

Ya sa hannu, yana sane da cewa injin da ke ɗauke da wannan lambar yana nan kwance a rumfar Baba, ƙura ta rufe shi.

Aka shiga nema. Aka kai cigiya gidajen rediyo, aka watsa hoton babur a zaurukan WhatsApp na 'yan sahu. Kwana biyu da cigiya wani ya kira lambar da aka bayar, ya rantse ya ga babur a hanyar Maigatari ana shirin tsallakawa da shi Nijar, a turo masa kuɗin mota ya bi sawu. Aka tura, layin ya rufe har yau. Mahaifiyar Auta, da ta ga ɗanta ba ya ci ba ya barci, ta bi wata ƙawarta wurin mai duba. Ya buga ƙasa ya ce na kusa da su ne, dogo, mai wushirya. Ɗan maƙwabciyarta dogo ne, yana da wushirya. Daga ranar Inna ta daina amsa sallamar matar da suka shekara ashirin suna aron turmi da taɓarya. Magana ta fita, iyayen yaron suka ji, aka kusa dambe a ƙofar gida. Babur ɗaya aka sace, kafin mako biyu gida uku sun daina gaisawa.

Abokin nan ne ya sake zuwa da shawara. Ya ce ogan bayan gari ya san inda kaya ke shiga da inda suke fita, in an ba shi wani abu yakan sa a dawo da na mutum. Auta ya bi shi, wannan karon aka bar su suka shiga ciki.

Warin fenti ne ya fara tarar sa. Can ƙurya yara biyu suna aiki da injin yankan ƙarfe. Tayoyi tuli guda, batura tuli guda, gilasai jingine da bango, injina a jere a ƙasa. Babur in ya shigo nan ba ya kwana biyu da siffarsa, yanka shi ake yi a rarraba kamar naman watanda, kowane ɓangare ya kama hanyarsa. A cikin gangar jiki uku da aka yi wa sabon fenti, idonsa ya tsaya kan ɗaya. Ƙarfen da fasinja ke riƙewa yana da walda a gefen hagu, Baba ne ya yi ta. Kujerar baya tana gefe, da ɗinkin koren zare inda matarsa ta kama yagewar da wani buhu ya yi.

"Oga, wancan babur ɗina ne."

Mutumin bai ko tashi daga kujerarsa ba.

"Wanne ne naka a ciki? Injin da aka cire daga jikinsa, ba nan ka zo da ƙafarka ka saya ba? Ka tambaye ni na waye? To wanda zai sayi wannan ma ba zai tambaya ba. In kana so ka kawo kuɗi ka ɗauka, zan yi maka sauƙi tunda kai na gida ne. In kuma 'yan sanda za ka kawo, bismilla. Ina da littafi, duk wanda ya taɓa saye a wurina sunansa da lambar wayarsa suna ciki. Tare za mu kwana."

A hanyar komawa Auta ya gane abin da ya same shi. Masu zoɓo ba tsautsayi ne ya kai su kansa ba. Sun san injin, sun san mai lafiya ne, sun san inda yake ɗaukar fasinja, sun kuma san mai shi ba shi da bakin magana. Ya dubi abokin da ke tuƙa shi, ya kasa ce masa komai. Kwana huɗu ya yi da wannan abu a cikinsa, yana fita da safe kamar mai zuwa cigiya, yana zama a gindin gada har yamma.

Alhaji kuwa bai zauna ba. Ya kwafi lambobin a takarda yana bin garejin Tarauni ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo rumfar Baba, tsohon ya tafi masallaci, wani yaron shago ya ce ai akwai injin Auta a can baya. Alhaji ya goge ƙura ya karanta, lamba ta yi daidai har ƙarshe. Me kuma ake nema? Ga injin baburin da aka ce an sace, a rumfar bakaniken direban. Ya dawo da 'yan sanda. A gaban 'yan kasuwa aka fito da Baba, da farin gemunsa da hannunsa duk baƙin mai. Wani ya yi ihun ɓarawo, yara suka fara tsintar duwatsu, Allah ya sa motar tana kusa. Wanda ya san yadda taro ke yi da wanda aka kira ɓarawo a bakin kasuwa ya san da ƙyar tsohon ya sha.

A ofis Baba magana ɗaya ya yi: "Injin na yaron ne. Ya buga wata biyar da suka wuce, nan ya bar shi. Sauran bayani daga bakinsa ya kamata ku ji." Aka je gidan su Auta ba a same shi ba, aka bar saƙo.

Sai da dare ya raba ya shigo. Inna tana zaune a tsakar gida ba ta kwanta ba. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, tun daga buhu har littafin oga. Ta daɗe ba ta ce uffan ba.

"Auta, ubanka dako ya yi a 'Yan Lemo har Allah ya karɓi ransa, bai taɓa shigo mana da lemon da ba a ba shi ba. Yanzu tsohon da ya hana ka yana kwance a bayan kanta, kai kana nan kana lissafin yadda za ka tsira. Ni kuma na zubar da maƙwabtaka a kan maganar mai duba."

Ta tashi ta ɗauki mayafi.

"Inna, ina za ki a daren nan?"

"Inda na yi ɓarna. Kai ma ka san inda ka yi taka."

Yana jin ta tana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, yana jin an buɗe, yana jin muryarta tana rawa. Bayan sallar Asuba ya tsayar da Liman a ƙofar masallaci, suka tafi gidan Mai Unguwa, su biyun suka raka shi ofishin 'yan sanda.

Ya faɗi gaskiya duka a gaban DPO, har da ƙaryar da ya yi ranar da ya sa hannu. DPO ya ce masa ya sani, a dokar ƙasa sayen kayan da mutum ya san na sata ne, ko yake da dalilin zaton haka, laifi ne mai zaman kansa, kuma farashi da lokacin da aka yi ciniki sun isa dalili. Auta ya ce ya sani. Aka saki Baba kafin hantsi, aka shigar da shi inda Baba ya fito. Tsohon ya tsaya a bakin kanta ya dube shi, ya ce, "Ka ci abinci?" Ya aika yaronsa ya sayo masa shayi da burodi.

Kwana biyu bayan nan, kafin kiran sallar farko, Auta ya nuna wa 'yan sanda baƙar ƙofar. An kama ogan da yaransa biyu, an samu littafin, an kwashe kaya mota biyu. Masu zoɓo ba a same su ba, abokin nan kuma tun ranar ba a sake ganin sa a layi ba. Gangar jikin baburin Hajiya tana nan, amma tayoyi da batir da gilashi sun riga sun tafi. An kankare lambar shasi, sai da Baba ya zo ya nuna waldarsa, aka haɗa da ɗinkin kujera da abin da ya rage na lambar, sannan aka tabbatar. Injin ma yana cikin waɗanda aka jere a ƙasa. Lambobin da suka saura a jikinsa suka yi daidai da wata ƙara da aka shigar tun bara.

Mai ƙarar wani dattijo ne daga Darmanawa, tsohon maigadi. Aka kira shi ya zo ya ga kayansa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon injin, sannan ya tambaya ina sauran baburin. Aka ce wannan kaɗai aka samu. Aka nuna masa Auta, aka ce a hannun wannan ya zauna wata biyar.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya tsaya wa ɗansa aka ba shi babur bashi. Wata uku da karɓa, yaron ya ajiye shi a layin masallacin Juma'a, aka sallame ya fito bai gan shi ba. Masu babur suka ce ba su san wannan ba, kuɗinsu suke so, suka ce ma shi ya sayar. Magana ta kai kotu, yaron ya shiga gidan yarin Kurmawa, bai fito ba sai da uban ya sayar da filin da ya tanada don gina masa ɗakin aure. Da ya fito ya kasa zaman unguwa saboda nuni da baki, ya tafi Legas, auren ya lalace.

"Kullum in na yi salla ina kai ƙarar ɓarawon wurin Allah. Ban taɓa kawo wanda ya saya a raina ba. Ashe lokacin da nake kai wa ɗana tuwo a Kurmawa, kai kana ɗaukar fasinja da injinsa. Wataƙila ma ka sha wucewa ta ƙofar gidana."

Auta ya zube a ƙasa yana kuka. "Baba, don Allah ka yafe mini."

"Nawa ɓangaren na yafe. Amma ba ni na kwana a can ba. Ga lambarsa, kai da shi."

A nan nake ganin mutane sun fi ruɗar kansu. Wanda ya tsallaka katanga ko ya zuba ƙwaya a zoɓo ba zai iya cin inji ba, ba zai iya shan taya ba. Yana ɗauka ne don ya san akwai mai karɓa, mai karɓar kuma yana karɓa ne don ya san akwai mai saye, mai sayen nan kuwa sau da yawa talaka ne mai neman na tuwo, irin wanda gobe za a yi wa. Ɓarawon zaune da kangonsa ba zai yi wata guda ba in kowa ya tsaya kan tambayar da Baba ya yi, na hannun wa.

An ba da belin Auta a hannun Mai Unguwa, da sharaɗin zai tsaya shaida. Gangar jikin babur ma an sakar wa Hajiya bayan ta nuna takardunta ta sa hannu cewa za ta kawo duk ranar da kotu ta nema. Sai aka zauna a soron Mai Unguwa don a san wa zai ɗauki asara.

Alhaji ya ce sai yaron ya biya komai. Liman ya ce a bi a hankali. A fiƙihun Malikiyya abin da aka ba mutum haya amana ce a hannunsa, in ya salwanta ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi yarjejeniya a kai. Ɗaukar shata da rana tsaka aikinsa ne, ba sakaci ba ne. Injin kuwa, kayan sata ba ya fita daga mallakar mai shi ko ya bi hannu goma, don haka na dattijon Darmanawa ne, kuɗin da Auta ya biya sai ya bi wanda ya sayar masa. Auta ya nemi izinin magana.

"Allah ya gafarta Malam, ni na jawo su. Da ban je gidan nan ba da ba su san ni ba. Kuma na canza inji a dukiyar Hajiya ban faɗa mata ba. Kada a cire ni daga asarar."

Hajiya, da tun zuwanta ba ta yi magana ba, ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, ni ba taya ko batir ne ke damu na ba. Wata biyar ina karɓar kuɗin da injin wani ya samo, ina dafa wa marayu. Ban sani ba, amma yanzu na sani. A lissafa mini abin da ya dace in mayar wa bawan Allahn nan. Kai kuma ɗan nan, da ka zo ka ce mini inji ya buga, da na ɗaga maka ƙafa wata guda. Ka ɗauka ni ban san wahala ba ne?"

Aka tsaya kan cewa Baba zai gyara tsohon injin da kayan da za a sayo da rasit, Hajiya ta ba da kuɗin, a mayar da tayoyi da sauran abin da ya ɓata, duka a ɗora a kan bashin Auta, a ƙara wa yarjejeniya wata 8. Auta kuma ya ɗaukar wa kansa biyan dattijon hayar injinsa na wata biyar, ban da abin da Hajiya za ta bayar.

Saura maganar Baba. Alhaji ya miƙa masa hannu a nan soron, ya ce a yi haƙuri, kuskure ne. Baba bai karɓi hannun ba.

"Alhaji, ba a soro aka kama ni ba. A bakin kasuwa ne, jikokina suna kallo."

Alhaji ya yi jim, ransa bai so ba. Hajiya ta dube shi ba ta ce komai ba. Washegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, ya zo rumfar ya tsaya a inda motar 'yan sanda ta tsaya, ya faɗa da ƙarfi cewa shi ya yi wa tsohon nan ƙazafi, ba shi da laifin komai, yana neman gafararsa. Sannan Baba ya goge hannu da tsumma suka gaisa.

Abin bai zo wa Auta da sauƙi ba daga baya. Littafin oga ya sa an kira mutane da dama ofishin 'yan sanda, cikinsu har da 'yan layinsu. Wasu suka daina yi masa magana, wasu suna ce masa ɗan rahoto in ya wuce. Sau biyu ana kiran wayar matarsa da ɓoyayyiyar lamba ana cewa ya yi hankali, ya kai rahoto, ya canza hanyar da yake bi zuwa gida. Akwai kuma waɗanda suka zo da dare suka tambaye shi yadda ake yi a mayar da abin da aka saya a irin wannan wuri, ya raka biyu daga cikinsu wurin Mai Unguwa.

Lambar Legas ya kira ta tun daren da aka sake shi. Yana faɗin ko shi waye aka kashe wayar. Bayan mako guda ya sake kira, aka saurare shi har ya gama, sannan muryar ta ce, "Ban shirya cewa na yafe ba tukuna. Kuɗin ka riƙa kai wa mahaifina." Yanzu duk Juma'a in ya sauko daga masallaci wuri biyu yake zuwa, Gyadi-Gyadi sannan Darmanawa. Shari'ar oga tana gaban majistare a titin Kotu, an ɗage ta sau uku. An sa ranar da Auta zai tsaya ya ba da shaida a wata mai zuwa, Baba ya ce zai rufe rumfa ya raka shi.